Zuwan Turawa: Daga Bakin Wa Yaranmu Ke Jin Labarin?

 Sharhinmu na yau a kan darasin Tarihi ne, musamman babin nan da ake kira zuwan Turawa, da yadda ake koyar da shi ga yaranmu a makaranta.

Da yawanku kun san cewa wajen shekarar 2009 aka cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da shi. Mun yi murna, kuma abin murna ne. Sai dai dawo da darasin bai wadatar ba, sai an duba abin da ake ɗura wa yaro a cikinsa.

Ku karɓi littafin rubutun ɗanku ku buɗe wannan babi. Galibi abin da za ku tarar jerin ranaku ne. Ranar 1 ga Janairun 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja. A 1901 aka ci Kwantagora da Bida da Yola. A 1902 aka shiga Bauchi da Zariya. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 Kano ta faɗi, ranar 15 ga Maris Sakkwato, ranar 27 ga Yuli aka yi Burmi. Duk gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya. To amma wa ya tsara wannan jeri? Hanyar da rundunar Turawa ta bi ce, zango bayan zango, kamar yadda hafsoshinta suka rubuta wa iyayen gidansu a Landan. A da littattafai na cewa Bature ya zo ya kawo zaman lafiya, yanzu mun gyara muna cewa ya zo ya mamaye ƙasa. Mun sauya hukunci, amma har yanzu a bayan dokin Lugga muke tafe, inda ya tsaya nan muke tsayawa, abin da bai waiwaya ya gani ba mu ma ba mu gani.

Alhali kuwa mutanen da abin ya faɗa wa miliyoyi ne, kuma ba ido ɗaya suka kalle shi da shi ba.

Mu fara da Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu bai cika wata shida a gadon sarauta ba aka yi karo da Turawa a Giginya. Mahaya da masu da takubba suka tunkari bindiga mai ruwa da igwa, kafin rana ta take an gama. Daga nan shugabannin daula suka rabu gida biyu, kuma a nan ne darasin yake da nauyi. Sarkin Musulmi ya zaɓi hijira, ya nufi gabas da niyyar kaiwa Makka. Jama'a suka yi ta barin gonakinsu da gidajensu suna bin sa, manya da talakawa, maza da mata, har abin ya tayar wa Turawa da hankali, don sun ga ƙasa na neman zama kufai a hannunsu. A Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, aka kori Turawa a karon farko cikin watan Mayu. Da suka dawo a Yuli aka kashe Sarkin Musulmi da mutum fiye da 600, su ma suka rasa shugaban rundunarsu, Manjo Marsh. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira har bakin Kogin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har gobe.

Shi kuwa Waziri Buhari komawa ya yi cikin birni. Ya tara malamai ya nemi fatawa, cikinsu har da Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu. Hujjar da suka tsaya a kanta ita ce, idan kowa ya tashi, wa za a bar wa raunana da tsofaffi da masallatai? Tunda baƙin sun yi alkawarin ba za su hana salla da azumi ba, ya halatta a zauna da su a zahiri ba tare da an ba su zuciya ba. Wazirin ya rubuta wasiƙa ta musamman zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilinsa, kuma mai karanta ta zai ji cewa mutumin bai yi barci mai daɗi a kan wannan shawara ba. To, masu sauraro, ga bayin Allah biyu, gida ɗaya, littattafai ɗaya suka karanta, kowannensu tsoron Allah ne ya kai shi inda ya tsaya. Yaron da aka ba shi hujjar wannan da ta wancan, aka ce ya auna, ya koyi abin da haddar ranaku ba za ta taɓa ba shi ba. Ni dai ban yarda malami ya tsaya gaban allo ya ce wannan jarumi ne wancan maci amana ba. Wanda bai ɗanɗani wannan rana ba ya sassauta harshe.

Sai tambayar da ba mu cika son yi ba: su wa suka riƙe bindigogin? A rundunar da Kanar Morland ya kawo Kano, Turawa ba su wuce 'yan gomomi ba. Sojoji baƙar fata sun haura 700, ban da 'yan dako masu ɗauke da harsashi da abinci a ka tun daga Zariya. Da yawan sojojin nan Hausa suke ji, wasu Yarabawa ne, wasu Nupawa. Tun zamanin wani Bature mai suna Glover a Ikko, cikin shekarun 1860, ake ɗibar bayin da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu ana sa musu kaki. Mutumin da aka kama shi yana yaro a wani hari, aka sayar da shi sau biyu ko sau uku, ya tsere, ya sami albashi da bindiga, me yake ji a ransa ranar da ya tsaya a gaban Ƙofar Kabuga? A cikin birnin kuma, tunda Sarkin Kano Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato, wanda ya tsaya kare gidan sarki har ya rasa ransa shi ne Sarkin Shanu, kuma shi ma bawan sarki ne. Bawa a waje yana harbi, bawa a ciki yana karewa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa yaro cewa kalmar bayi ba ta tara mutane iri ɗaya ba, balle a yi musu baki ɗaya.

Haka nan ba kowace masarauta ce ta ga Bature a matsayin babban abokin gaba ba. Kabawan Argungu sun shafe shekaru masu yawa suna gwabzawa da Sakkwato da Gwandu, saboda haka Sarkin Kabi Sama ya karɓi Turawa, har wani ɓangare na rundunar da ta ci Sakkwato daga Argungu ya taso. Sarkin Zazzau Kwasau da kansa ya nemi taimakonsu a 1902, lokacin da Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora ya addabi ƙasarsa, ko da yake ba a jima ba su ɗin suka tuɓe shi. A Barno kuwa, Rabe ne ya riga ya rushe Kukawa, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900, don haka lokacin da Ingilishi suka zo da Shehu Garbai a 1902, lissafin Barebari daban yake da na Sakkwatawa.

Yanzu bari mu zo kan muryar da na fi so a ji a kowane aji, muryar wata tsohuwa. Sunanta Baba, mutuniyar Karo, ƙauye ne a kan iyakar Kano da Zazzau. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a garin Giwa, ta ba ta labarin rayuwarta tun daga ƙuruciya. An buga shi da Turanci a 1954, daga baya aka fitar da shi da Hausa. Baba ba ta san ranar da aka ci Kano a kalandar Bature ba. Abin da ta sani shi ne tsoron mahara, yadda ake sace mutane a gona da hanyar kasuwa, yadda aka kama 'yan gidansu dangi suka yi ta haɗa kuɗin fansa. Ta ce su Haɓe sun so zuwan Turawa, Fulani ne ba su so ba. Amma ita wannan Baba, gidansu na da rinji, suna da bayi masu yi musu noma, kuma ta ba da labarin yadda bayin suka watse bayan zuwan Turawa, gandu ya ragu, dole 'ya'yan gida suka kama fartanya. A bakin mace ɗaya an sami sauƙi an kuma sami asara.

Kuma a nan ne malami nagari zai tsayar da yara ya tambaye su: wa Baba ke ba wa wannan labari? Baturiya. A wane zamani? Lokacin da Bature ke mulki, Di'o na zagaya ƙasa. Shin hakan zai iya sa ta tausasa wata magana, ta haɗiye wata? Mai yiwuwa ne. Wannan bai sa a yar da maganarta ba, sai dai a auna ta. Haka za a auna rahoton Lugga, wanda ke neman hujjar da zai kare yaƙin da ya tayar a gaban gwamnatinsa. Shahararriyar wasiƙar nan da ya ce Sarkin Musulmi na lokacin, Abdurrahman, ya aiko masa a 1902, wai babu komai tsakaninsu sai yaƙi, masana sun daɗe suna tababa a kanta. Haka kuma za a auna labarin fada, wanda maroƙa da 'yan majalisa suka riƙe, don shi ma yana da abin da yake karewa. Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman hadisi sun koya mana tun tuni cewa kafin ka karɓi magana sai ka san wanda ya ruwaito ta, daga wa ya ji, kuma mene ne halinsa.

Batun bauta shi ne inda muka fi yin shiru, kuma shirun ya yi yawa. Masana irin su Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta cewa a wajen 1900 bayin da ke cikin daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu da rabi, kuma wajen 200,000 sun gudu a shekarun farko na mamaya. Ga waɗannan mutane, shekarar 1903 ita ce shekarar da suka sami ƙofa a buɗe. Sai dai kada wani ya ɗauka Bature ya zo ne don tausayinsu. Dokar 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannu ba. Turawa na tsoron kada gonaki su mutu haraji ya gagara, kada kuma sarakunan da suke mulki ta hannunsu su juya musu baya. Saboda haka aka matsa wa masu gudu, aka hana su filin noma, aka ce mai son 'yanci ya bi ta murgu da fansa a gaban alƙali. Mata, musamman ƙwaraƙwarai, su suka fi shan wuyar fita. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya. Jikokin waɗanda suka mallaka da jikokin waɗanda aka mallaka yau suna zaune a benci ɗaya a aji. Ban ce a nuna kowa da yatsa ba, Allah ya kiyaye. Na ce dai kada a koyar da tarihin ƙasa kamar kakannin rabin ajin ba su taɓa rayuwa ba.

Akwai kuma al'ummomin da ba su taɓa shiga hannun daular ba, waɗanda littattafanmu kan tattara su a layi biyu. Tibi sun far wa masu kafa wayar tangaraho tun a 1900, kuma an ɗauki shekaru ana kai musu hari kafin a shiga ƙasarsu. Ningawa sun daɗe suna kare duwatsunsu daga Kano da Bauchi kafin Bature ya iso. Mutanen tsaunukan Filato, irin su Birom, sun ga baƙin ne a matsayin masu neman kuza, waɗanda suka haƙe gonakinsu. A wurare da dama, ciki har da kudancin Zazzau, Bature ya ɗora hakimai daga masarautu a kan mutanen da ba su taɓa yi wa masarautun mubaya'a ba, don sauƙin karɓar haraji. Yaron Kano da bai taɓa jin wannan ba, in ya girma ya ji ɗan Kafanchan ko ɗan Jos na ƙorafi, sai ya ɗauka ƙiyayya ce kawai. Shi ma yaron can da bai taɓa jin labarin Burmi ba, sai ya ɗauka duk Musulmin Arewa hannu biyu suka karɓi Bature. Kowanne rabin labari aka ba shi, kuma mun ga abin da rabin labari ke haifarwa a ƙasar nan.

'Yan'uwanmu na Nijar da ke sauraro, ku naku babin da Faransa ne. Kun san abin da rundunar Voulet da Chanoine ta aikata a Birnin Ƙonni a 1899, kun san tsayuwar Sarauniya Mangu a Lugu, kun san yadda Damagaram ta faɗi a wannan shekarar bayan kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi a teburin Turawa aka ja ta, bai kamata ta raba mana darasi ba. A Gana ma, Alhaji Umaru na Kete Karachi, haifaffen Kano, ya rubuta waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan zuwan Nasara, yana kallon abin daga zangon fatake.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne Satiru. Ƙauye ne kusa da Sakkwato, mazaunansa talakawa ne da almajirai da bayin da suka gudo. A watan Fabrairun 1906 suka yi bore da gatura da fartanyu da kibau, ƙarƙashin Malam Isa da wani malami makaho da ya tsallako daga ƙasar Faransa, Ɗan Makaho. Suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da bindiga mai ruwa, aka kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka baje garin, aka hana sake zama a wurin. Kuma a wannan karon mayaƙan sarakuna suna gefen Turawa. Mutanen Satiru ba su bar wasiƙa ba, ba su da maroƙi, ba su da magaji a kan karaga. Kusan duk abin da aka rubuta a kansu, waɗanda suka hallaka su ne suka rubuta. Idan darasin Tarihi bai ambace su ba, babu mai ambatonsu.

Na san akwai masu cewa wannan hanya tonon tsohon miki ce, ko rage darajar magabata, ko ma wanke Turawa. Ina girmama damuwarsu, amma ban yarda ba. Hukuncina a kan mamaya bai sauya ba: ƙwace ce da bakin bindiga, kuma Lugga da bakinsa ya faɗa a Sakkwato, kwanaki kaɗan bayan Giginya, cewa ƙarfi ne ya ba su ƙasa da ikon naɗa sarki da tuɓe shi da karɓar haraji. Murnar bawan da ya tsere ba ta goge jinin Burmi ba, jinin Burmi kuma bai ƙaryata murnar bawan ba. Magabatanmu kuwa ba su buƙatar mu yi musu ƙarya kafin su yi girma. Miki kuma, wanda aka rufe da ruɓa a ciki shi ne ke kai mutum ga yankewar ƙafa.

Malam zai ce, aji na da yara tamanin, babu littafi, babu ko kujera, ina zan iya wannan? Gaskiya ne, kuma ba na raina wahalar malaman makarantun gwamnati. Amma abin bai buƙatar kwamfuta. A ɗauki rana ɗaya tak, a ce 15 ga Maris 1903. A kasa yara kashi biyar. Waɗannan su ne mutanen Sarkin Musulmi masu shirin hijira, waɗancan na Waziri masu komawa birni, ga sojan Bature ɗan ƙasa, ga baiwa a rinji da goyo a bayanta, ga Bakabe daga Argungu. Kowane kashi a rubuta masa bayani rabin shafi a kan allo ko a takarda. A ba su minti goma su tattauna, sannan kowanne ya tashi ya faɗi abin da ya gani a ranar, abin da yake tsoro, da abin da zai yi gobe da safe. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ba yaro matsayin da ya dace da asalin gidansu. Ɗan sarauta ya zama baiwar rinji, ɗan talaka ya zama Waziri. Yarinyar da ta tsaya gaban aji tana lissafin ko ta gudu da jaririnta cikin dare ko ta zauna inda ta san za ta sami tuwo, ba za ta manta da 1903 ba har ta tsufa.

Kayan aikin ma muna da su. Akwai Gidan Arewa da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Makama a Kano. Akwai aikin marigayi Dokta Mahmud Modibbo Tukur, wanda ya bi takardun Turawa ɗaya bayan ɗaya yana tone abin da suka binne. Matsalar ita ce yawancin wannan ilimi yana kulle cikin Turanci da Larabci a ɗakunan karatun jami'a. Kirana ga ma'aikatun ilimi na jihohinmu da sassan Tarihi na jami'o'inmu shi ne su zauna su fitar da ɗan ƙaramin littafi da Hausa da sauran harsunanmu, mai ɗauke da waɗannan muryoyi a taƙaice, a raba wa malaman firamare da sakandare, a kuma horar da su yadda za su yi aiki da shi.

Ku kuma iyaye, akwai abin da ba sai kun jira gwamnati ba. Dattijon da aka haifa a shekarun 1940 ya zauna da kakanninsa da suka ga zuwan Turawa da idonsu, kuma irin waɗannan dattawa kullum raguwa suke yi. In an yi hutu, ku tura yaranku wurin kaka da waya a hannu, su tambaye ta abin da ta ji daga manyanta: ina mutanen garinmu suke lokacin, gudu suka yi ko tsayawa, wa ya tafi gabas bai dawo ba, yaushe aka fara biyan haraji da kuɗin Bature. Su naɗi muryarta, su rubuta sunan garin da ranar da aka yi hirar, su kai wa malaminsu na Tarihi idan an koma makaranta.